In ƙaro fawa amfilifaya ko in haƙura da risibar da nake da ita?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace yana da risiba irin ta sinimar gida, wato na'urar da take karɓar sauti ta ƙara masa ƙarfi ta tura wa sifiku, wadda aka rubuta mata wat 80 a kowace canel, wato hanyar kowace sifika, da manyan sifiku biyu na tsaye a falonsa, to in ya ƙara murya sai sautin ya yi kaushi yana sukar kunne, bes ɗin kuma ba ya gamsar da shi, shine ya ga wata fawa amfilifaya, wato na'urar da aikinta ƙara wa sauti ƙarfi kawai, 'yar Beljiyam mai wat 150 a kasuwa yake tambaya ko ya ɗauka ya haɗa.

Malam kar ka saya tukuna. Ba wai amfilifayar ba ta da kyau ba, a'a, matsala biyun da ka lissafa ne ba lallai su kasance laifin risibarka ba, kuma akwai hanyar da zaka gane gaskiyar magana da mitar awon wuta, wato maltimita, ta 'yan kuɗi kaɗan kafin ka zaro kuɗi masu nauyi daga aljihu.

Mu fara da lissafin da mai shago ba zai taɓa yi maka ba. Kunne ba ya jin wat yadda ido yake ganin lamba a jikin kwali. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel (dB, ma'aunin ƙarar sauti) 3 kacal ka ƙara, wato ɗan abin da zaka ce "eh kamar ya ɗan ƙaru". Kafin yawancin mutane su ce sauti ya ninka sai an ƙara kamar desibel 10, shi kuma wannan yana nufin ninka wat sau goma. To kai daga 80 zuwa 150 zaka tafi, ko ninki biyu bai kai ba, desibel 2.7 ne in ka buga. Da ace so kake ka ji ƙarar ta ninka da gaske wat 800 kake nema, su kuma sifikun falo ba zasu ɗauka ba ballantana maƙwabta. Sannan abin da mutane da yawa basu gane ba shine amfilifaya ba tura wa sifika duk ƙarfinta take yi ba, abin da boliyom ya nema shi take bayarwa. Kamar kwan fitila ne, in ka cire shi daga ƙaramin janareta ka jona a babba haskensa ba zai ƙaru ba sai dai idan da can ƙaramin yana nishi ne ya kasa ɗauka. Saboda haka tambayar gaba ɗaya ta dawo kan abu guda, risibar taka tana nishi ko ba ta yi?

Duba bayan sifikarka ko takardarta zaka ga wata lamba kamar 86dB ko 88dB ko 91dB, wannan ita ce ƙarar da take fitarwa da wat ɗaya in ka tsaya mita ɗaya a gabanta. Wallahi wannan lambar ta fi wat ɗin amfilifaya muhimmanci amma ba wanda yake kallonta. Sifika mai 91dB da wat 25 zata yi ƙarar da mai 85dB sai an ba ta wat 100 take yi. Mu ɗauka taka 88dB ce kuma kana zaune mita uku daga gare ta, nisa zai cinye wani abu, kasancewarsu biyu da kuma bangon ɗaki zasu dawo da wani abu, ƙarshenta wat ɗaya tal yana ba ka sama da desibel 80 a kujerarka, wanda ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka sosai. Kaga kenan yawancin lokaci ko wat ɗaya ba ka ci. Inda ake buƙatar sauran ƙarfin shine ɗan lokacin da ganga ta buga ko wani abu ya fashe a fim, wannan tsallen yana iya haura matsakaicin sautin da desibel 15 zuwa 20, shi kuma 20 ninki ɗari ne, rabin wat ya koma wat 50 cikin ƙiftawar ido sannan ya sauko. Don wannan tsallen ake sayen babbar amfilifaya, ba don komai ba.

Ga gwajin, kuma dan Allah ka yi shi a tsanake. Ka sa waƙar da ka fi so ka ƙara murya har inda kake kaiwa ranar da ba kowa a gida, iyakar ƙarar da kake ji da gaske ba wadda zaka burge baƙo da ita ba, sai ka tsayar da waƙar ka bar boliyom a nan kar ka taɓa, ka rubuta lambar da ke kan allon risibar. Ka je kwamfuta ka buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta, ka haɗa sautin gwaji na 120Hz ka sa ƙarfinsa 0.355, wato desibel 9 ƙasa da iyakar abin da fayil zai iya ɗauka. Ka kunna shi ta hanyar da ka saba kunna waƙa, waya ɗaya na'ura ɗaya. Ka juya maltimita zuwa AC, ka ɗora baƙi da ja na mitar a kan jan da baƙin tashar sifika guda a bayan risibar, ka kula bakin ƙarafunan biyu kar su taɓa juna don nan take zaka iya kashe canel. Sautin ba daɗi gare shi ba, kuuuu ne kawai mai girgiza gilashin taga, in kana so ka zare wayar sifikar tukuna, risiba irin taka ba abin da zai same ta, amfilifaya mai bawul, wato mai kwalaben gilashi irin na da, ita kaɗai ce ba a kunna ta ba sifika a jiki. Lambar da mita ta nuna sai ka ninka ta da kanta, abin da ya fito shine wat ɗin da kake buƙata a kan sifika mai om 8 (om shine ma'aunin yadda sifika take tare wuta) don kada amfilifaya ta taɓa ƙurewa a wannan boliyom ɗin ko wace irin waƙa ka sa. In ka ga bolt 4, wat 16 kenan, risibarka ko gumi ba ta yi. In ka ga 6, wat 36, har yanzu da sauran fili. In ka ga 8 ko 9 to 64 zuwa 81 kenan, ka zo bakin iyaka, a nan ne maganar sabuwar amfilifaya ta fara zama magana. Mafi yawan falukan da ake yin wannan awon lamba ƙarama ake gani, mai gida ya yi ta mamaki.

Amma fa kar ka yarda da 80 ɗin nan ido rufe. Risibobin sinima galibi ana auna su ne canel biyu na aiki, wani lokacin ma ɗaya, alhali taransifoma guda ce take ciyar da duka biyar ko bakwai, in duk suka nema a tare kowa rabonsa raguwa yake. Leƙa bayanta kusa da wayar wuta zaka ga wat nawa take ja daga soket, kamfanoni ba hanya ɗaya suke auna wannan ba amma dai tana ba ka haske, na'urar da take jan 250 ba yadda za a yi ta riƙa fitar da 80 sau biyar na tsawon lokaci. Shi kuwa PMPO da ake zabgawa a jikin kwali, 3000W, 5000W a kan abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, wannan ba awo ba ne talla ce. Irin wannan ƙaryar ce ta sa hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka tun 1974 cewa dole a faɗi ƙarfin da amfilifaya zata iya riƙewa a kai a kai. Abin da zaka nema shine RMS, wato ƙarfin da take riƙewa a kai a kai, a kan om nawa, canel nawa ke aiki, da kuma yawan gurɓatar sautin a lokacin awon. In babu waɗannan a rubuce to lambar ado ce.

Sai kuma abin da nake zargi sosai a lamarinka, wanda ba zaka gani a takardar kowane kamfani ba domin su ba da wutarmu suka yi gwaji ba. An ƙera kayan nan ne don bolt 230 ko kusa da haka. Risiba mai babbar taransifoma yawanci ba ta daidaita wutar da take ba ɓangaren ƙarfi, yadda wuta ta shigo haka take bi, kuma ƙarfi yana faɗuwa fiye da yadda boltej ya faɗi domin boltej ɗin ninka shi da kansa ake yi. In wutar NEPA ta sauko 180 da daddare lokacin da kowa ya kunna kayansa, wat 80 ɗinka ya koma kusan 49. Ka lura da kyau, kaushin nan da rana kake jinsa ko da dare? A kan wutar gari ko a kan janareta ko inbata? Ka soka mita a soket lokacin da yake yi. In lo karan ne to amfilifayar Beljiyam ɗin ma haka zata sha wahala, 150 ɗinta ya koma casa'in da 'yan kai, ka kashe kuɗi ciwon na nan. Sitabilaiza mai kyau wadda ta fi ƙarfin kayan da ke kanta nesa ba kusa ba ita ce maganin wannan. Inbata kuma in ba mai tsaftataccen igiyar wuta ba ce zaka ji taransifomar tana zzzz tana zafi, wannan ma ba laifin risiba ba ne. Ka kuma shiga saitin ka duba ko ECO a kunne yake, ko an sa ta a kan om 4 ko 6, domin a risibobi da yawa waɗannan saitin rage wutar ciki suke yi don kar ta yi zafi, ƙarfi kuma ya ragu tare da ita.

Yanzu in da gaske ƙurewa take, ga yadda ake ji. A ƙasa-ƙasa sauti lafiya lau, kana hawa wani matsayi sai ganga ta daina duka ta koma fat-fat, muryar mawaƙi ta fara tsagewa, ka ƙara boliyom ƙara ba ta ƙaru ba sai dai hayaniya, saman risibar ya yi zafin da ba zaka iya barin tafin hannu a kai ba, wani lokacin ta yi ƙas ta kashe kanta. Wannan yanke kan igiyar sauti ne, kuma shi yake ƙona twita, wato ƙaramar sifikar da take fitar da siririn sauti, shi ya sa zaka ga ƙaramar amfilifaya da aka matsa mata ta kashe sifikar da babba ba ta kashe ba. Haka kuma in sifikunka om 4 ne, ko an rubuta 8 amma a wasu wuraren bes suna nutsewa zuwa 3 da wani abu, to karan suke ja ninki biyu, risibobi masu araha ba sa son wannan ko kaɗan. Mai irin waɗannan sifikun, ko mai babban falo sosai, ko mai sifika 84dB ko 85dB da yake son ƙarar sinima, shi kam ƙaro amfilifaya zai ji bambanci tun ranar farko, ba gardama. Alamar amfilifaya mai ƙashi ita ce in ta ba da 100 a kan om 8 ta ba da 160 zuwa 200 a kan om 4.

In kuma awo ya nuna bolt 4 ko 5 ne amma kaushin na nan, to ɗakin ne. Falukanmu tayil a ƙasa, siminti a bango, silin mai tauri a sama, ga teburin gilashi a tsakiya ga ƙatuwar talabijin, ba abin da yake shanye sauti sai kujeru. Tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, in ka ji wani tsirrr ya biyo baya to shine abin da yake sukar kunnenka, kuma kana ƙara murya yana ƙaruwa, babbar amfilifaya ƙara masa ƙarfi kawai zata yi. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, sa labule mai nauyi, janye teburin gilashin na yamma ɗaya ka ji, ɗan karkata sifikun kada twita ta nufo kunnenka kai tsaye. Bes kuma wurin zama yake bi, in kujerarka tana daidai tsakiyar tsawon ɗakin akwai ƙananan sautukan da suke kashe junansu a nan, ko wat dubu ka zuba ba zasu fito ba, matsa gaba ko baya rabin mita kawai ka ji yadda zai canza. Ka kuma tabbata ja na kan ja baƙi na kan baƙi a duka sifikun biyu, in guda ta juye bes ɓacewa yake, kuma wannan yana faruwa fiye da yadda kake zato musamman bayan an yi shara an mayar da wayoyi.

Ni da kuɗin a hannuna suke, a falo irin naka sabwufa, wato sifikar bes zalla, mai amfilifayarta a ciki zan fara saya. Ka saita manyan sifikun a matsayin ƙanana a cikin risibar, ka yanke a 80Hz, duk nauyin bes na ƙasa ya koma kan sabwufa. Risibar ta huta domin bes ne yake cinye mafi yawan ƙarfinta, sifikun su huta, sannan kana iya jan sabwufar zuwa inda ɗakin ya fi karɓarta.

To ko amfilifaya mai tsada ta fi daɗin sauti ko da ba a ƙure ta ba? Nan ne ake ta faɗa shekara da shekaru. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga wani gwaji da David Clark ya shirya, aka daidaita ƙara aka ɓoye wa masu saurare wace ce ke aiki, cikin kayan har da risibar Pioneer ta kusan dala 220 da wasu masu bawul na dala 12,000, sakamakon ya fito kusan kamar canki-canka. Kafin nan a 1985 Bob Carver ya yi wa mujallar Stereophile alƙawarin zai gyara amfilifayarsa mai araha ta yi sauti irin na duk wadda suka zaɓa, suka kawo mai tsadar gaske, cikin 'yan kwanaki ya daidaita ta har editocin suka kasa rarrabewa. Ni ra'ayina shine bambanci yana nan in ɗaya ta ƙure, ko ta lalace, ko mai bawul ce da take canza launin sauti da gangan, amma tsakanin lafiyayyun amfilifayoyi biyu na zamani da ke aiki cikin iyakarsu bambancin ƙanƙani ne, bai kai na matsar da sifika taku ɗaya ba. Abin da yake ruɗin mutane a shago shine wadda ta ɗan fi ƙara ko da desibel 1 ne kunne cewa yake ta fi kyau, ta fi buɗewa, bes ya fi cika. In zaka gwada biyu sai ka daidaita su da mita a tashar sifika tukuna, ka sa wani ya riƙa canzawa ba ka gani.

In awo ya ce ka saya, abu na farko juya risibar ka nemi ramukan da aka rubuta PRE OUT na hagu da dama, wato inda sigina take fita zuwa wata amfilifaya. Risibobi masu araha da yawa na sabwufa kaɗai gare su, in naka haka ne to ba inda zaka jona fawa amfilifaya, magana ta ƙare sai dai canjin risiba. In akwai, ka duba bolt nawa sabuwar take nema kafin ta kai cikakken ƙarfi, yawanci tsakanin 1 da 2 ne, manyan na masu DJ da gidan biki wasunsu sun fi son sigina mai ƙarfi ta XLR, wato filogi mai ƙafa uku irin na makirfo, kuma fankarsu tana ƙara, a fili ba ka ji amma a falo da daddare zata dame ka. Kuma in zaka motsa ka motsa sosai, wat 200 zuwa sama, ba 150 ba.

Ka yi tunanin zafi ma. Amfilifayoyi aji-aji ne wajen ƙira, Class A ko ba waƙa tana cin wuta tana dafa ɗaki, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri wannan azaba ce gare ka da ita. Class AB ita ce mafi yawan 'yan gwanjon da zaka gani, tana da kyau amma tana son iska. Class D tana isar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar zuwa sifika, ba ta da nauyi ba ta zafi sosai, mai sola da batir ita ta dace da shi, kuma da yawansu wutarsu tana karɓar 100 zuwa 240 don haka lo karan bai cika damunsu ba. A da ana raina su amma tun da irin su Hypex na Holan da Purifi na Denmak suka fito, waɗanda injiniya Bruno Putzeys yake da hannu a ƙirarsu, wannan rainin ya wuce. Har ƙananan nan masu cif ɗin TPA3255 na Texas Instruments suna aiki mai tsafta, sai dai ƙarfinsu ya dogara da adaftar da aka haɗa musu, lambar jikin kwalin kuma ka rage mata sosai.

Ita kuma 'yar Beljiyam ɗin da ka gani, kafin komai karanta bayanta. Kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, ka soka a soket ɗinmu kai tsaye hayaƙi zaka gani, in kuma da sitef-dawun zaka yi amfani to sai babba mai nauyi wanda ya ninka abin da take ja, kuɗinsa ma ka sa a lissafi. Ka haska tocila ta ramukan sama ka kalli manyan kafasitocin nan masu kama da gwangwani, in kansu ya kumbura ko akwai busasshen ruwa a gindinsu sun gama, kuma zafi ne yake cinye su, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, wadda ta yi shekara ashirin a Turai ta zo nan ba zata daɗe ba in ba a canza su ba. Ka shinshina, warin ƙuna ba ya ɓuya. A kunna ta ba sifika ba waƙa, ka saurari ƙas ɗin rile, wato makunnin ciki da yake jona sifika, bayan 'yan daƙiƙu, sannan ka sa mita a DC ka auna tashar sifika ta kowane ɓangare, ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ya haura 100 akwai gyara a gaba, in ka ga bolt guda ko fiye ajiye musu kayansu domin wannan zata ƙona maka wufa, wato babbar sifikar da take fitar da bes. A bar ta tana waƙa minti ashirin ko talatin ka taɓa gefe biyun, in ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai an taɓa aiki a cikinta ko saitinta ya goce. Ka kuma yi ciniki da sharaɗin zaka kai gida ka gwada da sifikunka ka dawo da ita in ba ta yi ba. In ka haɗa a gida ka ji wani huuum a sifika, kafin ka zargi amfilifayar zare wayar dish daga dikoda ka ji ko zai ɗauke, sau da yawa daga nan yake shigowa, kuma ka jona risibar da amfilifayar a kan soket ɗaya.